Ministan Tsarin Mulki a Gidan da Mabuɗinsa Ke Hannun Wani



Yau za mu kai ku nesa, wata ƙasa mai sanyi da hazo da ke arewa da Ingila, sunanta Sikotilan. Mun san wani zai ce, me ya haɗa mai awon gyaɗa a kasuwar Maraɗi da rigimar Nasaru tsakaninsu? Ku yi haƙuri ku saurara. Akwai wata kujera a cikin gwamnatin ƙasar can da muke so ku duba da kyau, kujerar ministan da ke kula da maganar tsarin mulki. Wanda ya gane kujerar nan ya gane abin da aka yi wa iyayenmu a 1957 da 1958, kuma da wuya a sake kawo masa kura da fatar akuya ya buɗe mata garke.

Sikotilan na da mutum wajen miliyan 5 da rabi, babban birninta Edinbara. Da can ƙasa ce mai cin gashin kanta, da majalisarta da dokokinta, har 1707 lokacin da manyanta suka sa hannu aka haɗe ta da Ingila, aka rufe majalisarta, aka ce daga ranar a Landan za a riƙa yi wa kowa doka. Shekara kusan 300 ana haka. A 1979 aka tambaye su ko suna son a maido musu da majalisa. Masu cewa i suka yi rinjaye, amma an riga an gindaya sharaɗi cewa sai sun kai kashi 40 cikin 100 na dukan waɗanda sunansu ke cikin littafin zaɓe, wato wanda ya kwana gida bai fita ba an lissafa shi tamkar ya ce a'a. Ba su kai ba, magana ta mutu. Sai a watan Satumba 1997 aka sake tambaya, kashi 74 cikin 100 suka ce i. Majalisar Landan ta rubuta doka a 1998, a 1999 kuma aka zaɓi wakilai 129 suka zauna Edinbara.

Dokar nan ta 1998 ita ce turken, ita ce igiyar. Ta bar musu lakkol, asibiti, noma, hanyoyi, gidaje, ƴan sanda da kotuna. Sa'an nan a ƙarshenta aka jera abubuwan da Landan ta riƙe wa kanta: soja, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi, shige da fice. A farkon jerin nan, kafin soja, kafin kuɗi, abin da aka fara rubutawa shi ne tsarin mulki kansa, da haɗin da ke tsakanin Sikotilan da Ingila. Aka kuma ƙara da aya guda a cikin sashe na 28 mai cewa duk wannan kyauta ba ta rage wa majalisar Landan ikon yi wa Sikotilan doka ba, a kan ko mene ne.

To, ƴan'uwa, ga abin mamaki. Gwamnatin da aka ce mata kada ta taɓa tsarin mulki, ita ce ta naɗa ministan tsarin mulki. Kamar baƙo ne da mai gida ya ba shi ɗaki ya riƙe mabuɗin zaure, baƙon kuma ya zaɓi ɗaya cikin ƴaƴansa ya ce, kai ne mai kula da ƙofa.

Jam'iyyar masu kishin Sikotilan, wadda ake kira SNP, ta hau mulki a 2007 ƙarƙashin Alex Salmond, da kujera 47, ta fi mai bi mata da kujera guda tak. A 2009 aka naɗa Michael Russell ƙaramin minista mai kula da al'adu, harkokin waje da tsarin mulki. Daga nan kujerar ta yi ta yawo kamar maraya a gidan dangi. A 2012 aka ɗora aikin a kan mataimakiyar babban minista, Nicola Sturgeon. A 2014 aka haɗa shi da ma'aikatar kuɗi a hannun John Swinney. A 2018 Russell ya sake karɓa, a wannan karo yana cikakken minista a majalisar ministoci, a 2021 kuma aka ba Angus Robertson, aka sake haɗa masa da harkokin waje da al'adu. Har ma a 2023 aka ƙirƙiro ƙaramin minista na musamman mai suna ministan neman ƴanci, shekara guda da ƴan makonni aka soke muƙamin. Yau tare da baitulmali, gobe tare da gidan ajiyar kayan tarihi da bukin mawaƙa. Wannan yawo kaɗai ya isa ya gaya muku cewa kujerar ba ta da gona tata. Ministan asibiti na da asibitoci, ministan hanyoyi na da kwalta da gadoji. Shi wannan me gare shi?

Takarda gare shi, da baki, da ƙafar zuwa Landan. Kada ku raina wannan tukuna. In majalisar Landan za ta yi doka a kan abin da aka riga aka bar wa Edinbara, al'ada ta ce ta nemi yardarsu, ministan nan ne kuwa kan tsaya gaban wakilai ya ce a yarda ko a ƙi. Shi ke zama da ministocin Landan in ana rabon iko. Shi kan kawo dokokin zaɓe na cikin gida: a 2020, a hannun Russell, aka yi dokar da ta ba baƙi mazauna ƙasar bisa ƙa'ida, har da ƴan gudun hijira, damar jefa ƙuri'a a zaɓen Sikotilan. Kuma ofishinsa ke shirya takardun da ke bayyana wa jama'a yadda ƙasar za ta zauna in ta sami kanta: wane kuɗi za a kashe a kasuwa, wa zai biya tsofaffi fansho, yaya iyaka za ta kasance.

Amma kowace doka da majalisar Edinbara ta zartar sai ta bi ta ƙofofi kafin ta zama doka. Tun kafin a kawo ta, sai minista ya shaida cewa ba ta wuce gona da iri ba, shugaban majalisa ma ya faɗi nasa. In an zartar, sai a jira mako 4 kafin sarauta ta sa hannu, a cikin makonnin nan manyan lauyoyin gwamnati na iya kai ta Kotun Ƙoli a Landan su ce ta tsallake iyaka. Bayan haka akwai sashe na 35, wanda ya ba ministan Landan mai kula da Sikotilan ikon tare doka da hannunsa. An daɗe ba a taɓa shi ba, har wasu suka ɗauka ado ne. A watan Janairu 2023 aka zaro shi, aka tare wata doka da wakilan Edinbara suka zartar da babban rinjaye.

Yanzu bari mu faɗi ranar da kujerar nan ta yi aiki na gaske, don ba mu zo mu yi mata ba'a kaɗai ba.

A zaɓen 2011 SNP ta ci kujera 69 cikin 129, a cikin tsarin zaɓe da aka gina shi yadda da wuya jam'iyya guda ta yi rinjaye ita kaɗai. Da ƙuri'un nan a hannu suka ce za su tambayi jama'a maganar ƴanci. Lauyoyin Landan suka ce ba ku da iko. Sai aka zauna ciniki, Nicola Sturgeon daga wannan gefe, Michael Moore, ministan Landan mai kula da Sikotilan, daga wancan. Ran 15 ga Oktoba 2012 aka sa hannu a Edinbara, firayim minista David Cameron da Salmond da su biyun nan. Landan ta ara wa Edinbara ikon shirya zaɓen ta hanyar sashe na 30, aro mai wa'adi, zuwa ƙarshen 2014. Landan ta ce tambaya guda za a yi, ba biyu ba, aka ba ta. Edinbara kuwa ta sami abin da ya fi tsada: majalisarta ce za ta sa rana, ita za ta faɗi wa zai jefa ƙuri'a, ita za ta rubuta tambayar, hukumar zaɓe mai zaman kanta ta duba, kuma gwamnatocin biyu suka yi alkawari a rubuce za su karɓi abin da akwati ya faɗa. Da haka ƴan shekara 16 da 17 suka sami ƙuri'a. Hukumar zaɓe ma ta ce tambayar da gwamnatin Edinbara ta fara rubutawa tana jan mutum zuwa ga cewa i, gwamnati ta yarda aka gyara. A watan Nuwamba 2013 aka fitar da littafi mai shafi fiye da 600 da ke bayyana yadda ƙasar za ta tsaya da ƙafarta. Kusan shekara biyu ana muhawara, gida gida, unguwa unguwa.

Ran 18 ga Satumba 2014 aka jefa ƙuri'a. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu zaɓe suka fito. Mutum miliyan 2 da ɗoriya suka ce a'a, miliyan 1 da dubu 600 da ɗoriya suka ce i, wato kashi 55 da kashi 45. Masu kishi sun faɗi, kuma ba a yi musu maguɗi ba. Muna faɗin wannan a fili, don jaridar jam'iyya da ke ɓoye wa ƴaƴanta kaye tana shirya musu wani kayen ne. Jama'ar Sikotilan an tambaye su da gaskiya, mafi yawansu suka zaɓi zama da Ingila, waɗansu don tsoron abin da zai sami kuɗinsu da fanshonsu, waɗansu kuwa don har zuciya suna jin su ƴan Biritaniya ne. Salmond ya faɗi washegari da bakinsa cewa zai sauka, babu wanda ya kai shi kaso.

Ku ajiye wannan a gefe, ku dawo gida da mu, shekara 56 kafin ranar.

A watan Yuni 1956 majalisar Faransa ta yi dokar da ake kira luwa kadar, dokar Gaston Defferre. Ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, ta ce kowace ƙasa cikin ƙasashen da Faransa ke mallaka za ta sami majalisa da ministocinta. Ran 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓe a Nijar, kujera 60, ɓangaren Jibo Bakari ya ci 41, RDA ta ci 19. Aka kafa majalisar gwamnati, ƴaƴan ƙasa suka zama ministoci, da mota da biro da masinja a bakin ƙofa. Tsofaffinmu na tuna murnar da aka yi. Amma shugaban majalisar gwamnatin nan gwamna ne, Nasara, wanda Faris ta aiko. Jibo mataimaki ne, sai a watan Yuli 1958 aka ba shi sunan shugaba. Soja, hulɗa da waje, kuɗi da duwan duk suna hannun Faransa. Kumandan da ke zaune a kowane sarkal, wanda sarakunan kanto ke tsugunawa gabansa, kunnensa na wajen gwamna. Takardar da ta kafa wannan gwamnati a Faris aka rubuta ta, a Faris kaɗai ake iya gyara ta.

Da Digol ya dawo mulki a 1958 ya sa aka rubuta sabon tsarin mulki, ya ce ran 28 ga Satumba kowace ƙasa ta ce i ko a'a. Wanda ya ce i ya zauna cikin tarayya da Faransa, wanda ya ce a'a ya tafi da ƴancinsa a ranar, taimako kuma ya yanke. A taron Kwatano na watan Yuli jam'iyyar PRA, wadda Jibo ke sakatarenta, ta nemi ƴanci nan take, Sawaba kuma ta tsaya a kan a'a. To, wa ya sa ranar zaɓen? Faris. Wa ya rubuta tambayar? Faris. Wa ke riƙe da littafin masu zaɓe da akwati da motar kai akwatin? Kumandan. Ana saura ƴan makonni aka aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda kowa ya san abin da aka aiko shi ya yi. Aka shigo da sojoji, aka zagaya sarakuna, waɗanda jiya suke tare da gwamnati suka juya mata baya. Da aka ƙirga aka ce kashi 78 cikin 100 sun ce i, alhali waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. A watan Oktoba gwamnatin Jibo ta sauka, aka rushe majalisar da jama'a suka zaɓa shekara guda da rabi kafin nan, aka sake zaɓe a Disamba, Jori Hamani ya hau. A 1959 aka haramta Sawaba. Gine kaɗai ta ce a'a, ta sami kanta ran 2 ga Oktoba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayanta ta bar Seku Ture da tebur wayam.

Kowa na da ra'ayinsa a kan Jibo da Jori, akwai gidajen da har yau ba a gama wannan gardama ba, ba kuma yau za mu yanke ta ba. Abin da muke nuna muku ɗaya ne. Gwamnatin 1957 tana da kujera 41 cikin 60, rinjayen da ya fi na SNP a 2011 nesa ba kusa ba. Abin da ba ta da shi shi ne takarda irin ta Edinbara, wadda ta fitar da ranar zaɓe da tambaya da akwati daga hannun mai mulki tun kafin a fara kokawa. Wata biyu tsakanin Kwatano da ranar ƙuri'a, a ƙasar da labari ke tafiya bisa raƙumi da doki. An fafe gora ranar tafiya. Wannan shi ne aikin da kujerar tsarin mulki ke iya yi in mai hankali ya zauna a kanta: ya kama maganar wa zai riƙe akwati tun rana na tsaka, ya sa a rubuta, ya sa a sa hannu.

Kada dai mu wuce gona da iri wajen kwatance. Sikotilan ba ta ɗanɗani abin da muka ɗanɗana ba. Ba a kama kakanninsu aikin tilas ba, ba a bi su da bulala don lanho ba, ba a yi musu shari'ar da kumandan ke zama alƙali kuma mai ƙara ba. Su ma da hannunsu aka gina daular Biritaniya. Mungo Park da ya iso kogin Kwara a Segu a 1796 ɗan Sikotilan ne, haka Clapperton da ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo ya mutu can a 1827. Ɗansu Gordon Brown ya yi firayim ministan Biritaniya daga 2007 zuwa 2010. Ba ƴan'uwanmu ba ne a wahala. Igiyarsu ta alharini ce, tamu ta kaba ce mai cin wuya. Ɗaurin kaɗai ne iri ɗaya, shi muke so ku koya.

Ga yadda ɗaurin ya bayyana bayan 2014. Ana saura kwana biyu zaɓe, da Landan ta ga ƙididdigar ra'ayi ta fara karkata, shugabannin manyan jam'iyyunta uku suka yi alkawarin ƙarin iko in an ce a'a. Sun cika wani abu. Dokar 2016 ta ba Edinbara ikon sa ma'aunin harajin albashi, ta rubuta cewa majalisar Sikotilan dawwamammiya ce, ba a soke ta sai jama'arta sun yarda, ta kuma rubuta al'adar nan ta neman yarda, cewa Landan ba za ta yi doka a gonar Edinbara ba tare da izini ba, a bisa yadda aka saba. Ku riƙe kalmomin nan, a bisa yadda aka saba. A cikinsu aka haƙa ramin.

A watan Yuni na shekarar nan ta 2016 Biritaniya ta jefa ƙuri'ar fita daga tarayyar Turai. Sikotilan ta ce a zauna, kashi 62 cikin 100, babu gunduma ko ɗaya cikin 32 da ta ce a fita. Amma Ingila na da mutum fiye da miliyan 55, muryarta ta danne. Mutanen da aka gaya wa a 2014 cewa zama da Ingila shi ne hanyar zama cikin Turai, aka fitar da su Turai ba da sonsu ba. A watan Janairu 2017 Kotun Ƙoli ta ce al'adar neman yarda maganar siyasa ce, kotu ba ta tilasta ta, ko da an rubuta ta cikin doka. A 2018 majalisar Edinbara ta ƙi yarda da dokar fita daga Turai, Landan ta zartar. A 2020 ta ƙi yarda da dokar kasuwar cikin gida, Landan ta zartar. Duk waɗannan a gaban Michael Russell aka yi su. Ya tafi taro, ya dawo, ya rubuta wasiƙa, ya tsaya gaban wakilai ya ce mun ƙi, suka ƙi, dokar kuma ta wuce ta kansu.

Suka nemi a sake ara musu sashe na 30. Theresa May ta ce ba lokacinsa ba ne, a 2017. Boris Johnson ya ƙi a 2020. Sturgeon, wadda ta zama babbar minista tun 2014, ta sa ranar 19 ga Oktoba 2023 don sabon zaɓe, babbar lauyar gwamnatinta ta kai tambaya Kotun Ƙoli: za mu iya yi ba tare da izinin Landan ba, ko da zaɓen na jin ra'ayi ne kawai? Ran 23 ga Nuwamba 2022 alƙalai 5 suka amsa da baki ɗaya, ba za ku iya ba. Lauyoyin SNP suka kawo hujjar haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi makomarta, kotu ta ce wannan na waɗanda aka mallaka ne ko ake zalunta, Sikotilan kuwa ba ta cikinsu. Ranar 19 ga Oktoba ta zo ta wuce, ba a buɗe rumfa ko ɗaya ba.

Me ya sa ƙofar da ta buɗe a 2012 ta rufe a 2017? Doka ba ta sake ba, sashe na 30 na nan inda yake. A ganinmu lissafi ne ya sake. A 2012 masu son ƴanci ba su da rinjaye ko kusa a ƙididdigar ra'ayi, Cameron ya ba da aron yana ganin zai ci ya binne maganar. Da aka tashi 45 da 55, kuma bayan haka jama'ar ƙasar suka rabu kusan biyu daidai, ba wanda ya sake marmarin caca. Mai mabuɗi kan buɗe zaure in ya tabbata baƙon ba zai fita ba. Wanda ke shakkar ko mai bayarwa na iya karɓewa ya dubi Ailan ta Arewa, wadda ta yi shekara 50 da majalisarta tun 1921, a watan Maris 1972 Landan ta dakatar da ita da doka guda ta ci gaba da mulkin wurin kai tsaye.

Muna da abin faɗa wa su ma masu kishin can, ko da ba za su karanta takardarmu ba. Daga 2022 ofishin tsarin mulki ya fitar da takardu fiye da goma a kan yadda sabuwar ƙasa za ta kasance. Ƴan hamayya suka ce ana kashe kuɗin jama'a a kan abin da ba gonar gwamnati ba ne, alhali marasa lafiya na jiran likita. Ba duka maganarsu ce gaskiya ba, amma akwai ƙashi a cikinta. Talaka ko ina yake yana auna mai neman babban iko da abin da ya yi da ƙaramin da ke hannunsa. A 2015 SNP ta ci kujera 56 cikin 59 da Sikotilan ke da su a majalisar Landan. A 2024 ta dawo da 9. Takardar minista ba ta kai ƙuri'a akwati, mutane ke kaiwa, mutanen kuma sai an bi su gida an zauna da su. Yarjejeniyar 2012 ma ba iya bakin Sturgeon kaɗai ya kawo ta ba, kujera 69 da ke bayanta ne suka sa aka saurare ta, kujerun nan kuwa ƴan rassa ne suka tara su, masu bin ƙofa ƙofa cikin ruwan sama, irinku.

Wani ɗan reshe zai ce, ai mu mun sami namu ƴanci tun ran 3 ga Agusta 1960, me ya rage mana a wannan karatu? Ya rage da yawa. Daga 1960 zuwa 2010 an rubuta wa ƙasar nan tsarin mulki har 7, dukansu da Faransanci aka tsara su, mutum nawa a kasuwar Tasawa aka taɓa zama aka karanta musu ko shafi guda? A 2004 muka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, a 2011 muka zaɓi na jihohi, aka ce iko ya sauko kusa da talaka. A watan Afrilu 2024 aka rushe su duka da takarda guda daga Yamai, aka naɗa masu riƙo. Wani zai ce sun cancanta, wani zai ce ba su cancanta ba, ku yi wannan muhawara a rassanku. Mu dai mun ga cewa rana guda ta isa, kuma ƙalilan ne cikin waɗanda suka yi layi cikin rana suka zaɓe su suka san tun farko cewa haka abin yake rataye.

Saboda haka ga abin da biro na ƙasa ke nema. Kowane sakataren reshe ya karanta wannan takarda da ƙarfi a taron daren kasuwa, ya kuma ba shugabar mata ta karanta ko a karanta mata a nasu taron, kada a bar su a baya kamar yadda aka saba. In an gama, a ɗauki hukuma guda da ke kusa da ku, ta gari ko ta jiha, a nemi wanda ya iya Faransanci ya samo takardar da ta kafa ta, ya fassara wa jama'a da Hausa: me aka ba ta, me aka hana ta, daga ina kuɗinta ke fitowa, wa ke da ikon rushe ta, kuma in za a zaɓe ta wa ke riƙe da littafin sunaye da akwati. Haka za ku tambayi duk wanda ya zo muku da albishirin sabon tsari ko sabuwar majalisa, ko daga cikinmu ya fito. Ku tambaye shi cikin ladabi, a gaban jama'a, ku rubuta amsar da ya bayar da ranar da ya bayar da ita.

Abin da kuka samo ku aiko mana ta hannun mai kawo jarida kafin fitowa ta gaba. Reshen da ba shi da mai fassara ya sanar da mu, za mu haɗa shi da reshe mafi kusa. Wanda ya gama karanta wannan kofi ya miƙa wa na gaba, takarda ta yi tsada, kofi ɗaya ne muka iya aika wa kowane reshe a wannan karo.